Ɗan Garuwa, Wanzami da Dillalin Darduma: Yadda Turawa Suka Zana Kasuwannin Gabas a Ƙarni na 19

Barkanmu da sake haɗuwa a filinmu na tarihi, ku da ke ruga da mashaya, da ku da ke tasha ko bakin iyaka kuna jiran a gama duba takardun kaya. Shirin wannan mako ya kai mu Alƙahira da Santambul da Aljeriya na shekaru 150 zuwa 200 da suka wuce. Ga abin da muka tattauna a rubuce, saboda wanda bai samu saurare ba.

Maganar ta wasu Turawa ce masu zanen hoto da fenti. A ƙarni na 19, wato daga 1801 zuwa 1900, sun yi ta zuwa ƙasashen Larabawa da na Turkawa suna zana abin da suka gani, su koma gida su sayar. Ana ce musu masu zanen Gabas, 'yan uwan waɗanda malamanmu ke kira mustashriƙai. Sun zana sarakuna da yaƙi da masallatai, amma mu yau a kan talakawa masu sana'a muka tsaya: ɗan garuwa, wanzami, baduku, maƙeri, mai lemo, marubucin wasiƙa, dillalin darduma. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To a nan sai an yi hattara, don hotunan sun nuna hannun mai sana'a da kayan aikinsa sarai, amma sun bar sunansa da farashinsa da hanyar da kayansa suka biyo.

Inda abin ya samo asali

A 1798 Napoleon na Faransa ya kai wa Masar yaƙi. Ban da sojoji, ya tafi da masana fiye da 150, aikinsu su auna, su ƙirga, su zana duk abin da ke ƙasar. Sojojin ba su daɗe ba, a 1801 aka fitar da su, amma aikin masanan ya zama wani ƙaton littafi mai bayanin Masar, wanda aka fara bugawa a 1809 aka shafe kusan shekara 20 kafin a kammala. A ciki akwai sashe guda na sana'o'i kawai. Wani mai suna Nicolas-Jacques Conté, wanda shi ne ya gano dabarar haɗa irin fensirin da yaranmu ke rubutu da shi a makaranta, ya shiga shagunan Alƙahira ya zana masaƙa da marina da maƙeran tagulla da wanzamai suna kan aiki. Kun ga ke nan tun farko wannan zane tare ya zo da bindiga.

A 1830 Faransa ta kama birnin Aljiyas. Shekara biyu bayan haka Eugène Delacroix ya bi tawagar jakadan Faransa zuwa wurin Sarkin Maroko a Meknes, ya cika littattafansa da zanen mutanen titi. David Roberts, mutumin Sikotilan, ya zaga Masar da Sham a 1838 da 1839, aka buga hotunansa aka sayar da yawa. Daga nan hanya ta buɗe. Jirgin ruwa mai tururi ya rage nisan tafiya, an gama layin dogo tsakanin Iskandariya da Alƙahira a 1856, an buɗe mashigar Suwez a 1869, a shekarar ne kuma kamfanin Thomas Cook ya fara kai 'yan yawon buɗe ido Kogin Nilu. Kowa ya je yana son ya dawo da tsaraba, wanda bai je ba kuma yana son ya rataya Gabas a bangon ɗakinsa.

Abin da suka gani da kyau

A ba su haƙƙinsu, sun iya kallo. Mu ɗauki ɗan garuwa, wanda Misirawa ke kira saƙƙa. Tsohuwar Alƙahira tana da ɗan nisa da kogi, ruwan rijiyoyinta kuma zartsi ne. Don haka ruwan sha daga Nilu ake ɗebo shi, a ɗora wa raƙuma da jakuna, ko mutum ya goya salkar fatar akuya yana bi lungu lungu. Wasu na yawo da kofunan tagulla suna kaɗa su don mai ƙishi ya ji. Masu hali kuma kan gina sabil, wato wurin shan ruwa kyauta na waƙafi, sau da yawa da makarantar allo a samansa. Duk wannan akwai shi a hotunan: yadda aka ɗaure bakin salka, yadda igiya ta ratsa kafaɗa, yadda bayan mutum ya lanƙwashe saboda nauyi. Makiyayin da ya taɓa rataya salka a cikin jaki zai gane ta nan take.

Haka wanzami. A 1876 Léon Bonnat ya zana wani wanzami baƙar fata a Suwez, yana tsaye ya sunkuya, wanda ake wa askin yana zaune a ƙasa ya jingina kai da jikinsa, aska tana bin haɓa. John Frederick Lewis, Baturen Ingila, ya zana wani dattijo marubucin wasiƙa a 1852, wata mace da rakiyarta sun zo yana rubuta mata saƙo. Ludwig Deutsch, haifaffen Ostiriya mazaunin Paris, ya zana masu sayar da lemo da mai sayar da sahlab, wani abin sha mai ɗumi da kauri kamar kunu. Jean-Léon Gérôme, wanda ake faɗa Jerom, shi ne ya fi su suna. Wajen 1887 ya zana dillalin darduma: an zuro wata ƙatuwar darduma daga saman bene a cikin wani dogon zaure, masu saye da rawuna sun yi cirko-cirko suna kallo, mai kaya yana bayani da hannu. Wanda ya san ciniki, yana gani zai ce ai an kusa fara tayi.

Yadda ake haɗa hoton

To amma ina aka zana su? Mafi yawa ba a kasuwar ba. Mai zane kan yi tafiyar wata biyu ko uku, ya yi ɗan zane-zanen gaggawa a takarda, ya sayi takubba da riguna da dardumomi da kwanonin tagulla, ya kwaso su zuwa ɗakin aikinsa a Paris ko Landan. A can zai ɗauko mutum haya, ya sa masa rawani, ya tsayar da shi ya zana. Ga kuma hoton kyamara. Da Gérôme ya fara zuwa Masar a 1856, abokin tafiyarsa Bartholdi, wanda daga baya ya ƙera mutum-mutumin 'yanci na Amurka, yana ɗaukar hotuna. Masu shagunan hoto kamar Bonfils a Beirut da Sébah a Santambul da Alƙahira suna sayar da hotunan masu sana'a, wasunsu a cikin shago aka shirya su, aka ba mutum kaya ya riƙe.

Misali mafi shahara shi ne hoton Gérôme na mai wasa da maciji, wanda ya yi wajen 1879. Yaro ne tsirara ya naɗe ƙaton maciji a jiki, wani tsoho yana busa, wasu mutane da makamai sun jingina da bango mai shuɗin ado suna kallo. Komai ya fito fes kamar hoton kyamara. Sai dai masana sun gano cewa adon bangon daga fadar Topkapi ta Santambul aka kwaikwayo shi, gidan sarautar Daular Usmaniyya, inda babu gardin da zai shiga ya baje kolinsa. Wato an ɗauko bango daga nan, daɓe daga can, mutane daga wani wuri, an ɗinke. Kowane yanki gaskiya ne, amma wurin da aka nuna bai taɓa wanzuwa ba. Ku 'yan kasuwa kun san irin wannan: buhu na kamfanin kirki, abin da ke ciki haɗe-haɗe.

Shi kuwa Lewis ya zauna Alƙahira shekara 10 cur, daga 1841 zuwa 1851, yana sa kayan 'yan gari. Ya koma Ingila bai sake dawowa ba, amma ya ci gaba da zana Alƙahira har ya mutu a 1876. A 1860 ya zana wani mai gemu zaune a kasuwar Khan al-Khalili, hoton da ake kira mai sayar da darduma. Masana da dama sun gwada fuskar da hotunan Lewis na kyamara, suka ce ai shi ne ya zana kansa da rawani. Kun ji fa, ɗan kasuwar Alƙahira da Turawa suka yi ta yabo, mai yiwuwa Bature ne a ɗakinsa kusa da Landan.

Abin da aka bari a waje

Na farko, suna. Hotunan sun ce mai ruwa, mai lemo, wanzami, shi ke nan. Alhali masu sana'ar Alƙahira suna da tsari. Kowace sana'a da ƙungiyarta da shehinta, mai sasanta rigima, mai tara haraji, mai tsaya musu a gaban hukuma, kamar dai sarkin aska da sarkin fawa da sarkin maƙera a wurinmu. Ɗan garuwan da aka zana kamar wani almajiri shi kaɗai a lungu yana da shugaba, yana da unguwar da yake kai wa ruwa, yana da masu bin sa bashi da waɗanda yake bi.

Na biyu, zamani. A 1983 wata masaniya Ba'amurkiya, Linda Nochlin, ta lura cewa a irin waɗannan hotuna kamar lokaci ya tsaya cak, kuma da wuya ka ga Bature a ciki, alhali Turawa sun cika garin. Ku duba abin da ke faruwa a lokacin. Isma'il Basha, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, ya gina sabuwar unguwa mai faffaɗan tituna irin na Paris, ya sa fitilun gas, ya rushe gidaje ya fasa titi ta tsakiyar tsohon gari. A 1865 aka ba wani kamfani izinin jawo ruwan famfo a Alƙahira. Ka ga ɗan garuwan da ake zanawa yana kallon abin da zai ci sana'arsa ana binne shi a ƙasa. Bashi ya karya gwamnati a 1876, Ingila ta mamaye ƙasar a 1882, a 1896 jirgin titi mai lantarki ya fara yawo a garin. Duk da haka hotunan suka ci gaba da fitowa da jaki da salka, babu famfo, babu sojan Ingila.

Na uku, farashi da gasa. A 1838 Ingila ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da Daular Usmaniyya wadda ta sa kuɗin fito na kayan shigowa ya zama kaɗan ƙwarai, daga baya ta hau kan Masar ma. Akoko da alawayyo na injinan Mancesta suka malalo kasuwa da araha. Masaƙa da yawa suka shiga matsi, wasu suka koma saƙa da zaren inji na Ingila. Su wa ke sayen hotunan masu aikin hannu? Da yawa masu masana'antu ne da masu banki, mutanen da hayaƙin inji ya ishe su suna marmarin ganin duniyar da ake komai da hannu. Hoton nan na Lewis yau yana gidan tarihi na Blackburn, garin da injinan saƙa suka gina. Gérôme kuwa a 1863 ya auri 'yar Adolphe Goupil, babban dillalin hotuna mai rassa a Landan da Balin da Amurka, wanda ya riƙa buga kwafin ayyukansa yana sayarwa ko'ina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hanyar da kaya suka biyo

Wannan shi ya fi shafar mu. Hoto na nuna kaya a rumfa, ba ya nuna madugu da ayari. Raƙuman da ake gani a titin Alƙahira, da hauren giwa da gashin jimina, da yawa sun biyo hanyar da Larabawa ke kira Darbul Arba'in, tafiyar kwana 40 daga Darfur zuwa Asyut a bakin Nilu. Har gobe raƙuman Sudan na shiga kasuwannin Daraw da Birƙash a Masar. Jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majemanmu suka jeme, tana ƙetare hamada zuwa Turabulus da sauran biranen arewa, wani kaso ya isa Turai da sunan fatar Maroko. Makiyayin da ya yi kiwon akuyar da majemin da ya sha warin jima, babu su a suna, babu su a hoto.

A 1851, shekarar da Lewis ya bar Alƙahira, wani Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya iso Kano bayan ya biyo ta Agadas da Katsina. Shi da alƙalami ya yi nasa aikin, kuma ya tambayi abin da masu fenti ba su tambaya ba. Ya ƙiyasta cewa tufafin Kano da ake kai wa Tumbutu kaɗai sun kai kayan raƙumi 300 a shekara. Ya kuma lissafa kayan Turai da ya tarar a kasuwa: yadin Mancesta, duwatsun ado na Benis, allurai da madubai na Jamus, ruwan takobi na Solingen, har da asake daga wani yanki na Ostiriya. Wato tun a lokacin, aska a hannun wanzamin Kano tana iya zama ta Turai. Kasuwar da ake nunawa kamar ta rabu da duniya, ashe a tsakiyar cinikin duniya take. Amma ko littafin Barth bai tsira ba. Hotuna masu launi da ke ciki, har da wanda ke nuna Kano daga kan Dala, wani mai zane ne a Jamus, Johann Martin Bernatz, ya tsara su daga zane-zanen Barth, shi kuwa bai yi tafiyar ba.

Kasuwar bayi

Akwai cinikin da ba za mu tsallake ba. A 1866 Gérôme ya zana kasuwar bayi: mace tsirara a tsaye, mai saye ya sa yatsa a bakinta yana duba haƙora kamar yadda ake wa dabba a kara. Cinikin bayi gaskiya ne ya faru, ayarin hamada sun kwashi mutanen ƙasashenmu, kuma da hannun namu a ciki. Sai a 1877 Masar ta sa hannu da Ingila kan hana shi. Amma a tuna Faransa kanta sai a 1848 ta 'yanta bayinta, Amurka kuma a 1865. Hoton ya ba mai kallo a Turai dama biyu: ya more kallon tsiraici, kuma ya ce ga mutanen da suka cancanci a mulke su. Wannan shi ne irin abin da Edward Said, Bafalasɗine malami a Amurka, ya yi bayani a littafinsa na 1978 kan yadda Turai ta ƙirƙiro wa kanta Gabas, kuma hoton mai maciji aka sa a bangon littafin. Kada a ce tsohon zance ne. A 2019 jam'iyyar AfD ta masu ƙyamar baƙi a Jamus ta manna hoton kasuwar bayin nan a allunan neman ƙuri'a don tsorata mutane da Musulmi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba

Osman Hamdi Bey, ɗan wani babban wazirin Daular Usmaniyya, ya koyi zane a Paris, ya dawo gida ya shugabanci gidan tarihi na Santambul daga 1881. A 1888 shi ma ya zana dillalin darduma a bakin titi, amma ya sa masu sayen a ciki, kuma Turawa ne 'yan yawon buɗe ido. Abin da wasu suka ɓoye shi ya fito da shi. Étienne Dinet, Bafaranshe, ya zauna a Bu Sa'ada ta Aljeriya, ya koyi Larabci, ya musulunta ya zama Nasiruddin, ya yi aikin hajji a 1929, a can Bu Sa'ada aka binne shi. Littattafan da ya wallafa suna ɗauke da sunan abokin aikinsa ɗan ƙasa, Sliman ben Ibrahim, kusa da nasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, baƙon da ya daɗe ya kuma saurara shi ma yakan gane.

Yau abin ya juya. Masu kuɗin Masar da ƙasashen Larabawa da Malesiya suna cikin manyan masu sayen waɗannan hotuna. A 2019 an yi gwanjon wani hoton Osman Hamdi a Landan a kan fam fiye da miliyan 6. Dalilinsu a fili yake: lunguna da yawa sun rushe, sana'o'i sun mutu, a hotunan ne kawai jika zai ga irin salka da askar kakansa. Don haka ba mu ce a watsar da su ba. A duba su yadda kuke duba sa a kasuwa: a zaga ta baya, a tambayi daga ina aka kawo shi, wa ke sayarwa, wa ake so ya saya.

Masu kyamara har yanzu suna zuwa, a taron Ingal, a wurin gerewol, a kasuwannin kan iyaka, kuma sau da yawa abin da suke nema bai canja ba: rawani da raƙumi, ban da babur da salula da takardar duwan da ke aljihunka. In an nemi ɗaukar ka, kana da ikon tambayar ina hoton zai je, kana da ikon cewa a'a, in ka yarda kuma ka ce a rubuta sunanka da garinku da sana'arka. Ku matasa masu salula, ku zauna da tsofaffin wanzamai da dukawai da madugai, ku naɗi sunayen kayan aikinsu da zangunan da suka bi da farashin da suka sayar, tun suna raye.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na wannan mako. Allah ya ba da kasuwa, ya albarkaci kiwo, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.